KUƊIN MAKARANTA: AJI KO FILIN ƘWALLO? BAYANI A KAN JIHOHIN AMURKA

An shirya wannan takarda domin hakimai da malamansu na ofis, waɗanda su ne a kan fara tuntuɓa in maganar gina makaranta ko gyaranta ta taso a gunduma. Nufinta shi ne ta bayyana yadda Amurka, ƙasa mai jihohi kamar tamu, ta ke tara kuɗin makarantun gwamnati, da abin da ta ke kashe su a kai, da dalilin da ya sa karatun yaran wata jiha ya ke fin na wata. An zaɓi Amurka ne saboda lissafin kuɗinta a bayyane ya ke, ana kuma yi wa yaran dukan jihohinta jarrabawa iri ɗaya, saboda haka ana iya auna abin da aka kashe da abin da aka samu.

INDA KUƊIN SU KE FITOWA

Amurka tana da jihohi 50. Tsarin mulkinta bai ambaci ilmi ba, don haka sha'anin makarantu ya zama na jihohi. Kusan kowace jiha kuma ta kasa ƙasarta gunduma gunduma ta makarantu, kowace gunduma da hukumarta, wadda yawanci mutanen wurin su ke zaɓa. Irin waɗannan gundumomi sun kai kimanin 13,000 a ƙasar duka, Jihar Teksas kaɗai tana da fiye da 1,000.

Kuɗin makaranta daga wuri uku su ke zuwa. Gwamnatin Tarayya takan ba da kimanin kashi ɗaya daga cikin goma. Sauran kuwa gwamnatin jiha da gundumar kanta su ke biya, kusan rabi da rabi. Rabon gunduma yawancinsa daga harajin gidaje da filaye ya ke fitowa, watau a kimanta darajar gidan mutum ko kantinsa, a yanka masa haraji gwargwadon haka. To, a nan ne tushen bambancin ya ke, gama garin da ke da manyan gidaje da ma'aikatu zai tara kuɗi masu yawa da haraji kaɗan, garin matalauta kuwa ko ya matsa wa mutanensa ba zai tara abin kirki ba.

SHARI'AR UNGUWA BIYU

A shekarar 1968 waɗansu iyayen yara na gundumar Edgewood, a birnin San Antoniyo na Jihar Teksas, suka kai ƙara, da wani mai suna Demetrio Rodriguez a kan gaba. Lissafin da aka gabatar wa kotu ya nuna cewa mutanen Edgewood suna biyan dala 1 da santi 5 a kan kowace dukiya ta dala 100, amma abin da ya ke fitowa dala 26 ne kacal ga kowane yaro a shekara. Maƙwabtansu na Alamo Heights, a birni ɗaya, santi 85 su ke biya, suna samun dala 333 ga kowane yaro. Ko bayan an haɗa da taimakon jiha da na tarayya, yaron Edgewood dala 356 ya ke samu, na Alamo Heights dala 594.

A 1973 Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke hukunci, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu, cewa wannan shiri bai saɓa wa tsarin mulkin tarayya ba. Daga nan magana ta koma kotunan jihohi. A 1989 Kotun Ƙoli ta Teksas ta ba Edgewood gaskiya, ta ce shirin ya saɓa wa tsarin mulkin jihar. Wannan ne ya sa a 1993 aka kafa dokar da ta tilasta wa gundumomi masu arziki su miƙa wani kashi na harajinsu domin a taimaki marasa ƙarfi.

FILAYEN ƘWALLO NA TEKSAS

A Teksas ba abin da ke tara jama'a kamar ƙwallon Amurka ta makarantun sakandare, wadda a ke runguma a ruga da ita ana ture-ture. Ran Juma'a da dare gari yakan fito ƙwansa da kwarkwatarsa ya kalli 'yan makarantarsa. Ga abin da garuruwa uku suka kashe saboda wannan wasa.

Allen, wani gari arewa da Dalas, mai babbar makarantar sakandare guda ɗaya. A 2009 mutanensa suka jefa ƙuri'a suka yarda a ci rancen dala miliyan 119, daga ciki aka gina filin ƙwallo na kimanin dala miliyan 60, mai kujeru 18,000. An buɗe shi a 2012. A farkon 2014 aka rufe shi saboda simintin ya tsattsage, ba a sake buɗe shi ba sai 2015, bayan waɗanda suka zana shi da waɗanda suka gina shi sun ɗauki nauyin gyara.

Katy, kusa da Hustan. A 2013 mutanensa suka ƙi yarda da filin da aka kawo musu. A 2014 aka rage shi zuwa kujeru 12,000, aka cusa shi cikin babban rancen gina makarantu na dala miliyan 748, sai ya wuce. Da aka gama shi a 2017 ya ci fiye da dala miliyan 70.

McKinney, maƙwabcin Allen, mil kaɗan ne tsakaninsu. Shi ma ya buɗe nasa a 2018, mai kujeru 12,000, a kan kimanin dala miliyan 70.

Abin lura shi ne, lokacin da a ke tsakiyar ginin filin Allen, watau tun da Majalisar Dokokin Teksas ta zauna a 2011 har zuwa tashinta, muhawararta a kan rage kuɗi ce, ta kuwa zabge dala miliyan 5,400 daga kuɗin makarantun jihar na shekara biyu. Dubban guraben malamai da ma'aikata suka salwanta. Doka ta ce kada ƙananan azuzuwa su wuce yara 22, amma gundumomi da yawa suka nemi izni su wuce wannan adadi don rashin malamai.

ASUSU BIYU, ALJIHU ƊAYA

Mai karatu zai tambaya, yaya za a yi a kori malami a gina fili? Amsar tana cikin doka. Gundumar makarantu a Teksas asusu biyu gare ta. Na ɗaya na aikin yau da kullum ne, watau albashin malamai, da littattafai, da wuta da ruwa. Na biyu na biyan rancen gine-gine ne. Doka ta hana a ɗauki kuɗin rance a biya albashi. Har wa yau dokar 1993 asusu na ɗaya kaɗai ta ke taɓawa, na biyu duk abin da gunduma ta tara nata ne. Saboda haka garin masu arziki ya san in ya yi gini, ba ko santi ɗaya da zai fita zuwa wani gari.

Masu goyon bayan filayen suna da hujjoji, wajibi ne kuma a faɗe su. Suna cewa mutanen gari ne suka zaɓa da ƙuri'arsu, da kuɗinsu. Suna cewa filin Katy makarantu da yawa ke amfani da shi, kuma a irin waɗannan filaye a ke bikin sallamar ɗalibai da wasan masu bushe-bushe. Suna cewa wasa yana tsare yaro a makaranta, ya koya masa horo da haɗa kai. Duk wannan gaskiya ne.

Amma asusun nan biyu aljihu ɗaya su ke tatsa, watau na mai biyan haraji. Rance na shekara ashirin ko talatin ne, da ruwansa. Magidancin da aka ɗora wa harajin fili bana, da wuya ya yarda a ƙara masa na albashin malami baɗi. Jihar ma ta gane haka. A 2019 ta yi doka cewa duk filin wasa mai kujeru fiye da 1,000 dole a ware maganarsa dabam a takardar ƙuri'a, kada a haɗa shi da azuzuwa. A 2023 mutanen garin Prosper suka yarda da rancen gina sababbin makarantu, suka ƙi filin ƙwallo na kimanin dala miliyan 94. Ashe da aka raba musu tsaba da tsakuwa, sun san wadda za su ɗauka.

YADDA JIHOHI SUKA BAMBANTA

A lissafin shekarar 2022, Jihar Niyu Yok ta kashe kusan dala 30,000 a kan kowane ɗalibi, Yuta da Idaho ba su kai 10,000 ba, Teksas kimanin 12,000, matsakaicin ƙasar kuwa ya ɗara 15,000. Akwai kuma jarrabawar ƙasa mai suna NAEP, wadda a ke yi wa 'yan aji huɗu da 'yan aji takwas a karatu da lissafi, yawanci bayan kowace shekara biyu. Sakamakonta ya nuna yawan kuɗi kaɗai ba ya tabbatar da ilmi. Niyu Yok mai yawan kashewa a tsakiya ta ke tsayawa. Yuta mai ƙarancin kashewa takan wuce matsakaici, gama yara matalauta ba su da yawa a cikinta. Teksas kuwa a 2024 ta wuce matsakaici a lissafin aji huɗu, ta gaza shi a karatun aji takwas.

Jihohi biyu ne suka fi cancanta a duba. Masacusets a 1993 ta yi dokar da ta ƙayyade mafi ƙarancin abin da za a kashe a kan kowane yaro, jiha ta cika wa garuruwan matalauta abin da suka gaza. Ta tsara abin da za a koyar a kowane aji, ta kuma sa a riƙa jarraba sababbin malamai kafin a ba su izni. Tun daga 2005 takan zo ta ɗaya ko kusa da haka a yawancin jarrabawar. Ko da ya ke jiha ce mai arziki, mai iyaye masu ilmi, wannan ma yana daga cikin dalilai.

Misisipi kuwa tana cikin mafi talaucin jihohin ƙasar. A 2013 ita ce ta 49 a karatun aji huɗu. A shekarar nan ta yi doka a kan karatu: aka sake horad da malaman ƙananan azuzuwa yadda za su koya wa yaro haɗa baƙi da wasali, aka aika ƙwararru makarantun da suka fi rauni su zauna da malamai a aji, aka kuma ce yaron da bai iya karatu ba a ƙarshen aji uku zai maimaita, a ba shi taimako na musamman. A 2019 ta zo ta 29, a 2024 ta zo ta 9. Ci gaban 'yan aji takwas bai kai haka ba, waɗansu masana kuma ba su yarda da maimaita aji ba. Duk da haka, shirin kimanin dala miliyan 15 ya ke ci a shekara, watau kuɗin filin Allen guda ɗaya za su riƙe shi shekara huɗu ga jiha duka.

ABIN DA YA SHAFE MU

Mu ma a Nijeriya ilmin firamare a hannun jihohi da ƙananan hukumomi ya ke. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin taimakon jihohi, bisa sharaɗin sai jiha ta ajiye nata daidai da abin da za a ba ta kafin ta karɓa. An sha ganin jihohi sun bar rabonsu shekara da shekaru don ba su ajiye nasu ba, alhali kuwa ana ta manyan gine-gine na gani-a-yaba.

Hakimi ba shi ne ke riƙe da baitulmali ba, amma ana jin maganarsa a kwamitin makaranta, da wurin shugaban ƙaramar hukuma, da wurin attajirin gari ko wakilin majalisa da ya zo da niyyar yin wani aiki. Saboda haka ana roƙon hakimai, duk lokacin da aka kawo musu shawarar kashe kuɗi a makaranta, su yi tambaya uku. Yara nawa ne wannan aiki zai amfana, sau nawa a mako? Wa zai ɗauki nauyin gyaransa bayan shekara biyar? Mene ne aka bari ba a yi ba saboda shi? In an haɗa abubuwa da yawa cikin shawara ɗaya, a nemi a rarrabe su, a duba kowanne shi kaɗai.

Malaman hakimai kuma su buɗe littafi, su rubuta wa kowace makaranta ta gunduma yawan yaranta, da malaman da a ke samu a aji ran da aka kai ziyara ba sanarwa, da azuzuwan da ba su da rufi ko benci, da kuma yara nawa 'yan aji uku ke iya karanta shafi ɗaya na Hausa. A riƙa sabunta shi kowane zangon karatu, a aika wa majalisar Sarki da sakataren ilmi.

Kada a ɗauka ana hana wasa ne. Kowace makaranta ya kamata ta sami fili, samarin gari kuwa suna iya share shi da gayya, a kafa raga biyu, a sayi ƙwallo, cikin mako guda. Malami mai horo da yaro mai iya karatu su ne ba su samuwa sai da kuɗi da shekaru, icce kuwa tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Allah ya taimaki shugabanninmu su sa kowane abu a muhallinsa, amin.