Gurbin Huji a Jikin Jitar Akwati

A kudancin Amurka, musamman a yankin Kogin Misisipi, akwai wani abin kiɗa da talakawa suka daɗe suna harhaɗa wa kansu a gida, watau jitar akwati. Ba wani abu ba ne illa ƙaramin akwatin katako na zuba taba, irin mai kaurin nan da ake naɗewa da ganyenta, sai sanda guda, da tsirkiya ɗaya zuwa huɗu na waya. A 1865 dokar haraji ta ƙasar ta tilasta a riƙa sayar da irin tabar nan cikin akwatuna, saboda haka fankon akwati ya wadata ko'ina. Wani zane na Edwin Forbes da aka buga a 1876 ya nuna soja a sansani yana goga abin kiɗa na akwatin taba, a 1884 kuma Daniel Carter Beard ya buga bayanin yadda yara za su haɗa banjo da shi. Da tattalin arziki ya karye a 1929 sai abin ya ƙara yaɗuwa. Makaɗa irin su Lightnin' Hopkins da Carl Perkins da shi suka fara koyo suna yara.

Duk wanda ya zo haɗa irin jitar nan, akwai inda zai tsaya da wuƙa a hannu yana shawara: ina za a huda murfin? A jitar kanti hujin yana tsakiya, ƙarƙashin tsirkiya. A ta akwati kuwa wannan ba ya yiwuwa, domin sandar ratsa akwatin take yi daga wannan gefe ta ɓullo wancan, ta bi ta ƙarƙashin tsakiyar murfin. Wanda ya huda nan, sanda zai tarar ta toshe masa. Haka abin yake ga goge, inda sanda ke ratsa ƙwarya: a gefe ake yanka hujin fatar.

Mutane da yawa suna zaton amo ɗaure yake cikin akwati, hujin kuwa ƙofa ce da yake fita ta ciki. Ba haka ba ne. Tsirkiya ita kaɗai ba ta da ƙarfin ture iska, don ta cika siranta. Girgizarta ce ke bi ta kan jaki, watau ɗan itacen da ya tallafe ta, ta shiga murfi, murfin kuma ya ture iska saboda faɗinsa. Antonio de Torres, mashahurin mai sassaƙa jita na ƙasar Sifen, ya nuna haka a 1862, sa'ad da ya haɗa jita da bayanta da gefunanta na takarda da aka daddaɓe, fuskarta kaɗai ce ta katako mai kyau, ta kuwa yi amo.

Aikin huji dabam yake. Wanda ya taɓa busa bakin kwalba ya ji ta yi gunji, ko ya saurari tulu ana ɗura masa ruwa muryarsa tana ƙara sirancewa, ya riga ya san shi. Iskar da ke bakin hujin tana shiga tana fita, ta cikin kuwa tana matsuwa tana sakewa, ita ce ke mayar da ita. Wannan kai da komo yana da muryarsa guda tak. Hermann von Helmholtz, masanin Jamus, ya yi bayaninsa a littafinsa na 1863, da sunansa kuma ake kiransa har yanzu. Abu biyu ne ke iko da muryar: girman cikin akwati da girman huji. Babban ciki yana kaurara ta, babban huji yana siranta ta. A jitar kanti tana faɗawa wajen girgiza 100 a sakan guda. Akwatin taba mai tsawon inci 9, faɗi 7, zurfi 2, in aka yi masa huji mai faɗin inci guda, lissafi yana ba da wajen 170. In aka mai da hujin inci 2 sai ta hau wajen 250. To, ɗaurin tsirkiya uku da aka fi yi wa jitar nan yana ba da girgiza 98, da 147, da 196. Ke nan hujin inci guda ya sauka tsakanin tsirkiya ta biyu da ta uku, yana taimakonsu, na inci 2 kuwa ya wuce su duka, ya bar jitar tana ƙara kamar gwangwani. Nan ne masu koyo suka fi ɓata aikinsu, suna neman ƙarin amo da ƙaton huji.

Shin iska ta damu da inda hujin yake? Kaɗan ƙwarai. Amo yana tafiyar ƙafa 1,100 da 'yan kai a sakan. Murya mai girgiza 170, kowace girgiza tata tana cin ƙafa 6 da rabi, akwatin kuwa bai kai ƙafa guda ba. Saboda haka iskar cikinsa gaba ɗaya take matsuwa ta sake, ba ta san kusurwa da tsakiya ba. Ko a gefen akwati aka huda, muryar kusan ɗaya ce, sai dai makaɗin ya fi mai sauraro jinta.

Katako shi ne ya damu. Murfi ba ya girgiza daidai ko'ina. Kewayen jaki da tsakiya sun fi motsi, bakin murfi inda ya zauna kan bangon akwati kuwa kusan a tsaye yake. Ana iya ganin wannan da ido ta hanyar da Ernst Chladni ya bayyana a 1787: a barbaɗa lallausan rairayi a kan faranti, a girgiza shi, rairayin zai gudu daga inda ke motsi ya taru inda ke kwance. Duk hujin da aka yanka kusa da jaki ya cinye katakon da ya fi aiki, ya kuma raunana wurin da nauyin tsirkiya ke dannawa, har murfi ya lotsa. Abin da ya fi kyau shi ne kusurwoyi biyu na wajen wuyan jita, nesa da jaki, hagu da daman sanda, a bar kamar inci guda daga bango don kada ya tsage. Kamfanin Ovation ya bi wannan hanya cikin shekarun 1970, ya tara ƙananan huji a kafaɗun jitarsa mai suna Adamas, ya bar tsakiya a rufe. Amma fa duk wannan banza ne in sandar ta manne da murfin daga ciki. Dole a fafe bayanta kaɗan, ta taɓa akwatin a bakinsa biyu kaɗai.

Siffar huji ma tana da magana. A 2015 Nicholas Makris da abokan aikinsa na jami'ar MIT sun nuna iska ta fi gudu a bakin huji bisa tsakiyarsa, don haka tsawon kewayensa ya fi faɗinsa muhimmanci. Shi ya sa dogayen tsagu na gogen Turawa suka fi zagayayyen huji amo, alhali katakon da suka ci ɗaya ne. Mai jitar akwati yana iya yin tsagu biyu siririya, in ya bi jijiyar katakon bai gitta ta ba. Ya kuma tuna huji biyu haɗuwa suke yi su ɗaga muryar, ba kowane da tasa ba. Gwanaye sukan fara da ƙarami, su ɗaura tsirkiya su saurara, sa'an nan su riƙa faɗaɗawa da magagari kaɗan kaɗan.

Waɗanda ke sa wa jitar na'urar lantarki ta ƙara amo, da yawansu ba sa huda murfin sam, domin huji yana sa ƙarar lasifika ta komo cikin akwati ta yi ta kururuwa.