Shugaban Masu Kai Abinci: Sana'ar da Darrasa Ba Ta Raina Ba

Minti goma kafin kiran sallar magariba a watan azumi, da wuya a sami kujerar da ba kowa a gidajen abincin da ke kewaye da Masallacin Husaini, daf da unguwar Darrasa a Alƙahira. Kowa so yake dabino da zoɓo da miyar lalo, wato mulukiyar Misirawa, su iso gabansa lokaci guda. Alhakin hakan yana wuyan mutum ɗaya, shugaban masu kai abinci, wanda 'yan gari ke kira "metir".

Tun la'asar yake raba wa yaransa tebura. Ya duba sunayen waɗanda suka kama wuri, ya leƙa kicin ya ji adadin tantabarun da kuku ya cusa wa shinkafa, don kada a yi wa baƙo alkawarin abin da ya ƙare. Idan faranti ya makara, shi zai je ya ba da haƙuri. Sau da yawa a tsaye yake buɗa baki, da dabino ɗaya da kurɓin ruwa.

Ba a kwana ɗaya ake kaiwa nan ba. Yaro kan fara da kwashe kwanuka, ya koma karɓar oda, ya zama kyaftin mai kula da 'yan tebura, sannan a damƙa masa zauren gaba ɗaya. Wasu kan biyo ta Tsangayar Yawon Buɗe Ido da Otal-otal ta Jami'ar Helwan.

Aiki kuwa akwai shi. A kasuwar Khan el-Khalili akwai gidan shayin Fishawi da ya haura shekara 200, ga kuma gidan abincin da aka buɗe a 1989 da sunan marubuci Najib Mahfuz. Lambun Azhar, wanda gidauniyar Aga Khan ta gina a kan tsohon jujin Darrasa aka buɗe a 2005, shi ma yana da gidajen abincinsa. Gidaje da dama kan ɗora kashi 12 cikin ɗari kuɗin hidima, ban da ihsanin da baƙo kan bari.

Abin takaici, a ƙasar Hausa har yanzu wasu na ɗaukar sana'ar a matsayin aikin boyi-boyi, alhali manyan otal-otal na Kano da Abuja na neman wanda ya iya tarbar baƙo da Larabci da Turanci. Ɗaliban ƙasar Hausa na Jami'ar Azhar da suka ga yadda ake yi a Darrasa sun riga sun sami Larabcin. Ragowar horon kuwa ana bayar da shi a cibiyar koyar da aikin otal da yawon buɗe ido ta NIHOTOUR da ke Bagauda, a jihar Kano.