Kwana Arba'in a Gadarif: Karatun da Ba a Yi a Aji

 

'Yan'uwa masu karatu, idan iyaye za su sallami ɗansu zuwa karatu a ƙasar waje, nasiharsu ba ta cika wuce uku ba: riƙe salla, riƙe littafi, guje wa yawo. Da wannan guzuri muka isa Khartum, a Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa, wadda ta fara a matsayin cibiyar Musulunci a 1977, ta zama jami'a a 1992. Mun daɗe ba mu san komai na Sudan ba sai aji da masallaci da kwanon waken ful da burodi. Da lokacin rubuta kundin bincike ya yi, muka zaɓi nazarin harshen Hausawan ƙasar, kuma a kakar 2022 muka kama hanyar Gadarif, mai nisan kilomita kimanin 410 kudu maso gabas da Khartum.

Gadarif rumbun Sudan ce. Ƙasarta baƙar laka ce, mai cafe ƙafa da damina, mai tsagewa da rani. Tun shekarun 1940 ake noman dawa a can da injuna, ga kuma riɗi da ake fitarwa zuwa ƙasashen waje. Mun tarar ana yankan riɗi, kowa yana gaggawa, domin idan kwanson ya bushe a tsaye sai ya fashe, ƙwayar ta zube. A unguwar da muka sauka ɗakuna zagayayyu ne masu jinka, waɗanda suke kira guɗɗiya, ruwa kuwa a amalanken jaki ake kawo shi, ana saye ana tattali. Da safe kisira, wato fanken dawa mai sirantaka kamar takarda, da yamma gahawa a tukunyar jabana. Amma da dare ya yi, sai ga tuwo da miyar kuka, sai ga sallama da Hausa.

Waɗannan mutane jikokin mahajjata ne da suka taka da ƙafa, suna yada zango suna noma don neman guzuri, har zangon ya zama gida. Wasu sun biyo ayarin hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja mutane gabas, ya kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Masana sun riga mu zuwa: Mark Duffield ya yi littafi a kan garin a 1981, Bawa Yamba ya rubuta a kan mahajjatan da tafiyarsu ba ta ƙare ba a 1995, Farfesa Al-Amin Abu-Manga kuma ya nuna a 1999 yadda Hausar Sudan take jingina da Larabci. Mun karanta wannan duka, amma gani ya kori ji.

Makon farko bai yi mana daɗi ba. Shekarar ce aka yi rikicin jihar Shuɗin Nilu wanda ya ci rayukan Hausawa da dama, saboda haka baƙo mai takardar tambayoyi da na'urar ɗaukar magana abin tsoro ne. Limamin unguwa ya ce mu ajiye takardar, mu riƙa salla a sahu, mu je jana'iza da suna, mu ci abin da aka ba mu. Sai da aka san fuskokinmu sannan ƙofofi suka buɗe.

A nan muka gane inda harshen ya ɓuya. Samari suna jin Hausa, amma da Larabci suke amsawa. Dattijai suna cakuɗa biyun a kasuwa. Tsantsar Hausa kuwa tana bakin tsofaffin mata, a waƙoƙin reno da na niƙa da na kai amarya, da begen Annabi da suke rerawa a zaman Mauludi. Wata tsohuwa da muke kira Kaka, ita kuma take ce mana jikokinta na gida, ta rera mana waƙar daka da ta koya wurin kakarta. A ciki akwai sunayen garuruwan ƙasar Sakkwato da Katsina da ba ta taɓa gani ba, da kalmomin da mu kanmu ba mu ƙara ji ba tun muna ƙanana. A bikin jikarta kuwa gangar dalluka ta Sudan 'yan mata suka buga, babu wadda ta iya ko baiti ɗaya na waƙar Kaka.

Mun san gidajenmu da yawa suna taka tsantsan da kiɗa, kuma malamai sun yi bayani a kai. Amma wajibi ne a bambanta sharholiya da waƙar uwa ga jaririnta, wadda take ajiye tarihi. Su ma mutanen Gadarif suna alfahari da A'isha al-Falatiya, haihuwar Kassala a 1905, 'yar malamin allo mai asali daga Sakkwato, wadda ta zama mace ta farko da ta yi waƙa a gidan rediyon Omdurman a farkon shekarun 1940, ta rasu a 1974.

Mun koma Khartum da muryoyin dattijai cike da kwamfuta, muna cewa za mu kwafe su idan an gama jarrabawa. Ranar 15 ga Afrilun 2023, a goman ƙarshe na azumi, yaƙi ya ɓarke. Muka fita da 'yar jaka a motocin da suka kai ɗalibai iyakar Masar. Abin da ya tsira shi ne 'yan waƙoƙin da muka aika wa iyayenmu mata ta waya, don su tantance mana ma'anar wasu kalmomi. Gadarif kuwa ta zama mafakar dubban masu gudu daga Khartum da Wad Madani, masu masaukinmu suka sake shimfiɗa tabarma ga wasu baƙin.

Saboda haka ga roƙonmu. Iyaye, ku ƙara ta huɗu a kan nasihohin nan uku: ɗanku ya nemi dattijan Hausawa a duk ƙasar da ya je, ya gaishe su, ya saurare su. Ɗalibai, ku nemi izini kafin ku ɗauki muryar mutum, ku bar masa kwafi a gidansa, ku aika wani gida a ranar. Magana a bakin tsoho kamar riɗi ce da ya nuna: wanda ya jinkirta yanka, a ƙasa zai tarar da ita.

Allah Ya zaunar da Sudan lafiya, Ya saka wa mutanen Gadarif da alheri, Ya sa iliminmu ya zama mai amfani. Amin.