Mussar Gwaggo da Ƙullutun da Bai Ji Gishiri Ba

Kowace dabba tana da farashi a karar Gene, ban da kyanwa. Garin, wanda ake rubutawa Guéné a allon bakin titi, yana kan babbar hanyar da ta taso daga Kwatano ta ratsa Paraku da Kandi ta dire a Malanbil, bakin kogin Kwara da Dendawa ke kira Isa. A nan ne hanyar Karimama ta rabu. Ranar kasuwar dabbobi za ka ga Fulani da Dendawa da Hausawa sun yi dafifi, dillali na buɗe bakin sa yana duba haƙora, mai magani ya baza kwalabensa a tabarma: na tsutsar ciki, na kaska, na sammore. Sa yana da allurarsa, tunkiya tana da ƙwayarta, har kaza ana ɗiga mata rigakafi. Je ka tambayi maganin kyanwa, ka ga yadda za a dube ka.

Ba don ba ta da amfani ba ne. A garin da arziƙinsa ke kwance cikin buhu, gero da dawa da masara da shinkafar fadamar Malanbil, wanda ba shi da kyanwa ya ɗauki ɓera haya. Sai dai ba a saye ta ba, kyauta aka bayar da ita tana 'yar mitsitsiya, ko kuma ita ta zo da ƙafarta, kuma abin da ba a fitar da kuɗi an saya ba, da wuya a fitar da kuɗi a yi masa magani.

Gwaggona ta yi aure a Gene tun ban san kaina ba. Tana sarin albasa da hatsi, tana kuma da kyanwowi biyu, ko da yake ita ba ta cewa kyanwa, ba ta cewa mage. Bakinta na yamma ne, irin na Kabi da Gaya, don haka "mussa" take cewa. Ɗaya muzuru ne fari da baƙi, mai yagaggen kunne, wanda ba ya kwana gida. Ɗayar tsohuwa ce mai launin toka da ratsi-ratsi a ƙafa, kamanninta sak da kyanwar dajin da har yau ke yawo a gandun W da ke yamma da garin. Ba kama ce ta banza ba. Kyanwar gida duk inda take a duniya jikanyar kyanwar dajin nan ce ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, kuma rumbu ne ya haɗa ta da ɗan Adam: an tara hatsi, ɓera ya zo, ita ta biyo ɓera. A tsibirin Saifurus an tono wani kabari mai shekara kusan 9,500 aka iske mutum da kyanwa kwance kusa da juna. Tsakaninmu da ita ba sabon sani ba ne, amma har yau ba ta yarda ta zama baiwa ba. Damisa ake yi wa kirari da ƙi sabo. Ƙanwarta ta saba, sai dai da sharaɗi.

Na je wa Gwaggo da hunturu, a lokacin da gadar da ta haɗa Malanbil da Gaya ke rufe tun bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, ana tsallaka mutane da kaya a kwalekwale. Na same ta cikin damuwa biyu, ta kasuwa da ta mussa, kuma na rantse ta biyun ta fi cin ranta.

Labarin ya faro ne daga muzurun. Da damina ya dawo da kunci a kumbure kamar ya cusa goro, jiki zafi, ya ƙi abinci. Wannan kumburin kowa ya san shi. Fiƙar kyanwa siririya ce kamar allura, in suka yi faɗa ta huda fata ta zuba ƙwayoyin cutar baki a ciki, ramin ya rufe da wuri, bayan kwana 2 zuwa 4 sai ƙurji ya taso cike da mugunya. Gwaggo ta riƙa gasa masa wurin da tsumma da ruwan ɗumi har ya fashe da kansa, ta wanke da ruwan gishiri, ƙaramin cokali ɗaya cikin rabin lita na ruwan da aka tafasa ya huce, ta shafa zuma. Bai cika mako biyu ba ya koma yawonsa, yana yi wa kowa muzurai. Na ba ta gaskiya a nan. Likitan dabbobi ma abin da zai yi ke nan, sai dai ya ƙara da maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanda yakan zama dole in zazzaɓin ya ƙi sauka.

Akwai ma wani ƙullutun da gida ke iya masa. Wani ƙuda yana zuba ƙwansa a yashin da aka yi wa fitsari, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta shige fatar dabbar da ta kwanta a wurin, sai maruru ya fito da ɗan rami a tsakiya, wanda ta nan take numfashi. An fi ganinsa a jikin 'yan kwikwiyo, amma kyanwa ma ba ta tsira ba. A toshe ramin da man kaɗanya, iska ta yanke mata, ta leƙo, a matse a hankali ta fito ɗungurungum.

Nasarar nan ce ta yaudari Gwaggo. Da ta ji wani abu mai tauri a gefen nonon tsohuwar, kamar ƙwayar gujiya a ƙarƙashin fata, sai ta ɗauko tsummanta da gishirinta. Ta gasa, ta gasa, abu bai nuna ba. Ba zafi, ba laushi, mussa kuma tana cin abincinta tana kamun ɓeranta. Wata uku ya zama kamar goro. Da na zo ya fi haka, ya manne da naman ciki, bakinsa ya fara tsagewa yana tsattsafo da ruwa.

"Ɗan nan, ai ba ta kuka," in ji Gwaggo. "Dubi yadda take tasbihinta."

Tasbihi take kiran gunjin nan da kyanwa ke yi a maƙogwaro in ta lafe. Ban so in ɓata mata zance ba, amma kyanwa tana yin wannan gunji in tana jin daɗi, tana kuma yin sa in tana naƙuda, ko ta karye, ko tana bakin mutuwa. Da Bahaushe ya ce mage mai kwanciyar ɗaukar rai, ɓera yake tausaya wa. Bai lura ba cewa da irin wannan kwanciyar take ɓoye nata ciwon. Dabba ce da ke farauta ana kuma farautarta, kuma a daji wanda ya nuna rauni ya gayyato kura. Kare zai zo ya miƙa maka ƙafar da ƙaya ta soka. Ita sai ta shige ƙarƙashin gado.

Ƙari a nonon kyanwa mugun labari ne. Cikin 10, takwas zuwa tara ciwon daji ne, ba kamar na karya ba, wadda kusan rabin nata ba mai yaɗuwa ba ne. Ya fi kama wadda ta kai shekara 10 zuwa 12, shi ya sa ba a cika ganinsa a ƙauye ba, don kaɗan ne ke kaiwa nan, mota ko kare ko guba sun riga shi. Yana bin hanyar kaluluwa zuwa hammata da matsematsi, daga can ya sauka a huhu. Girmansa ranar da aka yanke shi ne ke faɗin sauran kwana: in bai kai santimita 2 ba, ana iya samun shekara 3 ko fiye bayan tiyata, in ya wuce santimita 3 kuwa, lissafin watanni ake yi. Watannin da Gwaggo ta yi tana gashi su ne tazarar da ke tsakanin gujiya da goro.

Maƙwabta ba su bar mu da shiru ba, don ciwo a unguwa ba ya rasa likitoci. Wani mai gyaran babur ya ce a shafa baƙin mai, da shi yake warkar da gyambon jakinsa. Wata ta ce a daka tafarnuwa da albasa a ɗura mata. Wani ya ce a fasa kafso ɗin nan ja da rawaya a barbaɗa. Wani manomin auduga ya yi tayin ragowar maganin feshinsa, wai ya kori ƙuda daga ciwon. Tsohon wanzamin unguwa ya ce a kawo ta ya yi mata sakiya. Ni kuma, Allah ya gani, ban fi su ba: da na ga tana ɗingishi, hannuna ya kai aljihu ya ɗauko farasitamol.

Duk cikinmu ni na fi kusa da kashe ta. Hantar kyanwa ba ta da isasshen sinadarin da hantar mutum ke narka farasitamol da shi, ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 ta isa ta lalata mata jini, dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska ta kumbura, numfashi ya gagara. Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak kuma ƙoda suke ci. Albasa, wadda ita ce tutar ƙasar Malanbil, ita da 'yar'uwarta tafarnuwa suna farfasa jajayen ƙwayoyin jininta, ɗanye ko dafaffe. Magungunan ƙwari dangin famitirin, da ake samu a feshin gona da wasu magungunan kaskar kare, suna sa ta karkarwa da farfaɗiya. Hatta Dettol da muke wanke ciwon yara da shi guba ne a wurinta. Dalilin da ya haɗa mafi yawansu ɗaya ne, harshenta. Jaki ba ya lashe bayansa. Kyanwa kuwa tana ɓatar da babban kaso na lokacin da take a farke wajen lasar jikinta da harshen nan mai kaushi kamar magagari, don haka duk abin da ka shafa mata, ka ba ta ne ta ci. Sakiya kuma ƙurji take wa aiki, inda akwai mugunyar da za ta fita. A huda ƙari ba abin da zai fito sai jini, a bar ta da gyambon da ba ya rufewa. Garin gyaran gira ke nan.

Wanda ya ƙwace ƙwayar daga hannuna wani malamin dabbobi ne da ke zuwa duba shanu ranar kasuwa. Gwaggo ta tare shi a bakin kara, ya yi dariya da farko, ya ce shekarunsa na aiki ba a taɓa kiransa don mussa ba, amma ya biyo mu. Ya sa aka naɗe ta a zane, don kyanwar Lami ce kawai ba ta cizo ba ta yakushi, kuma cizon kyanwa ba abin wasa ba ne a ƙasar da haukan kare bai ƙare ba. Ya lalubi cikin, ya lalubi hammata, ya yi shiru.

"Inna, da kin kawo ta yana ƙarami, da na ce a nemi mai tiyata. Ana cire layin nonon gaba ɗaya. Yanzu ya riga ya tafi."

Ya ambaci Kwatano, ya ambaci asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, kowannensu tafiya ce da kuɗinta ya fi ƙarfin ribar albasar bana. Abin da ya rage, in ji shi, jinya ce: a wanke wurin da ruwan gishiri safe da yamma, a sa mata 'yar riga ta tsohon zane don kada ta lasa, kada kuma ƙuda ya samu wurin zuba ƙwai, a ba ta kifi mara ƙaya da ruwa mai kyau, a bar ta inda ba hayaniya. Ya ce ranar da ta daina ci, ko numfashi ya fara yi mata wuya, a kira shi, akwai allurar da ke sa ta barcin da ba farkawa.

Gwaggo ta girgiza kai. Ita ta tashi da jin cewa alhakin kyanwa ba ya barin mutum. Ta san labarin matar da ta shiga wuta don ta tsare kyanwa ba ci ba sha, ta san sahabin da aka yi wa laƙabi da 'yar kyanwa, Abu Huraira, ta san a mazhabar Malikiyya ragowar ruwan da kyanwa ta sha ana alwala da shi. Kusa da wannan kuma, a zuciya ɗaya, akwai tsoron da kowa ya gada: kada ka doki baƙin muzuru da dare, ba ka san ko wane ne ba, kada gashinta ya faɗa a abinci, wai yana kawo tarin fuka. Dabbar da ake girmamawa ana kuma shakkarta haka, ba a yanke mata hukunci da sauƙi. Na ce da ita barin dabba cikin azaba ma alhaki ne. Ta ce ta ji. Ba ta ce ta yarda ba.

Ba a kai ga kiran malamin ba. Bayan mako 5 tsohuwar ta fita da 'yar rigarta ta atamfa, ta shige ƙarƙashin rumbun da ta yi shekaru tana gadi, a can aka same ta da safe.

Ta bar 'ya guda daga haihuwarta ta ƙarshe, mai irin ratsinta. A kanta muka yi gardamar da ta fi tsawo. Malamin ya gaya mana cewa in aka cire wa kyanwa mahaifa da ƙwayayenta kafin ta cika wata 6, haɗarin wannan ciwo yana raguwa da kusan kashi 90 cikin 100, kamar yadda wani bincike da aka buga a Amurka a 2005 ya nuna, kuma in ta wuce shekara 2 amfanin ya kusan gushewa. 'Yar ta riga ta wuce wata 6, amma ba ta yi nisa ba. Gwaggo, wadda ba ta taɓa ganin laifin dandaƙe bunsuru ba, ta ce namiji daban, mace daban, ita ba za ta hana 'yar mutane haihuwa ba. Kuma ko ta yarda, wa zai yi aikin a Gene?

Ranar da zan koma na same ta a kan tabarma bayan sallar asuba, carbi a hannun dama, 'yar mussar a kwance rigingine a cinyarta. Da hannun hagu take bin cikin, nono bayan nono, tana lalube tana ƙirgawa a hankali har takwas, sannan ta koma daga farko.

"Ɗan nan, zo ka taɓa nan," in ji ta. "Wannan ƙashi ne ko?"

Na taɓa. Ƙashi ne.