Harsashin Gada Daban, Na Mazo Daban

A 'yan shekarun nan samarinmu da ke zaune a Fatakwal, Anaca da Inugu sun samu wani sabon abin kallo a waya: Baturen Amurka ya laɓe a kan bishiya, ya zaro ƙaramar bindiga ta hannu ɗaya, ya kayar da dabba mai girman ɗan maraƙi. Daga nan sai musu ya kaure a majalisa, wannan ya ce harsashi kaza ya fi, wancan ya ce a'a. Musun yana da daɗin ji. Sai dai akasarin masu yinsa ba su san cewa tambayar ta mutanen wata ƙasa ce, mai wata doka, mai wani daji ba. Namu maharban suna da tasu tambayar, kuma ta fi waccan nauyi.

Bari mu sallami Amurkawan tukuna. A can, jihohi da yawa sun yarda a yi farautar barewarsu mai ƙaho da rassa da ƙaramar bindiga. Harsashin da ake kira .357 Magnum ya fito a 1935, kuma maharbansu na ɗaukarsa a matsayin mafi ƙanƙanta da ya kamata a tunkari irin wannan dabba da shi, shi ma daga kusa. Shekara 20 bayan haka aka fito da .44 Magnum, wanda ƙwayarsa ta kai nauyin giram 15 da ɗoriya, shi ne kuma ya zama abin yayi. Akwai manya irin su .454 Casull da .500 na kamfanin Smith & Wesson da ya fito a 2003, masu naushin da ke sa hannun wanda bai saba ba ya karkace kafin harsashi ya fita. Abin da ƙwararrunsu suka tsaya a kai shi ne: ka ɗauki wanda za ka iya saitawa daidai, ka matso kusa, ka sami dabbar a bayan kafaɗa inda zuciya da huhu suke. Wannan kaɗai ne rabonmu a zancensu.

Dalili kuwa, a Najeriya ƙaramar bindiga ba ta farauta ba ce. Dokar bindigogi ta 1959, wadda har yau ita ake aiki da ita, ta kasa makamai gida uku. Fistol da libarba suna kashin farko tare da bindigogin soja, wato haramtattu, waɗanda Shugaban Ƙasa kaɗai ke iya ba da izinin riƙe su, kuma wanda aka kama da ɗaya ba izini yana fuskantar ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Kashi na biyu ya ƙunshi bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu, lasisinta na hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Na uku su ne masu ɗuri ta baki, irin bindigar toka da muka gada, su kuma maganarsu na wajen Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Harsashi ma yana ƙarƙashin dokar: wanda ba shi da lasisin bindiga ba shi da hurumin ajiye harsashinta, ko da a aljihun riga ne.

Farauta ba baƙuwa ba ce ga Bahaushen kudu. Masu binciken tarihin Musulunci a wannan yanki sun nuna cewa cikin Hausawan farko da suka zauna a Elele, kan hanyar Fatakwal zuwa Owerri, tun wajen ƙarshen ƙarni na 19, akwai maharban giwa, waɗanda manoman wurin suka yi maraba da su saboda ɓarnar da giwaye ke yi a gonaki. Waɗancan mutane sun san zaɓen abin harbi. Ba su tunkarar giwa da tsakuwar dalma. Sango suke ɗurawa a bakin bindiga, wato gajeren mashi mai dafi, domin sun san kaurin fatar da za su huda. Giwayen sun ƙare a wannan yanki, zangon ya zauna, ilimin kuma bai kamata ya bi giwayen ba.

Maharbin da ya taso a dajin Falgore ko na Rugu, idan ya sauko kurmi, abu na farko da zai lura da shi shi ne ido ba ya tafiya nesa. A arewa kana iya hango barewa daga nisan filin ƙwallo biyu. A dazuzzukan Ribas da Anambra kuwa, tsakanin kwakwar manja da sarƙaƙiya, dabba sai ta zo taku 15 ko 20 kafin ka ga motsinta. Barewa da gwanki da kanki ma ba 'yan kurmi ba ne. Abin da ake samu shi ne ƙananan gada, wasu ba su wuce kilo 5 zuwa 10 ba, sai gyazbi da beguwa, sai mazo, wanda namijinsa kan haura kilo 40. Tazarar da ke tsakanin gada da mazo ita ce dukan maganar zaɓen harsashi.

Ɗauki harsashin bindiga mai lamba 12 ka duba shi da kyau. Gindinsa na ƙarfe ne mai ruwan tagulla, a nan aka buga lambar bakin bindigar da ya dace da ita. A jikin robar kuma akwai tsawonsa, 70 ko 76 a ma'aunin milimita, da alamar girman 'ya'yan dalmar da ke ciki. Lamba 6 da lamba 4 ƙanana ne kamar ƙwayar dawa, ɗaruruwa a harsashi ɗaya, na zabo da fakara ne. BB ya ɗara su, faɗin kowace ƙwaya kimanin milimita 4, shi ya dace da gyazbi da ƙaramar gada. AAA ya haura milimita 5. SG kuwa ya wuce milimita 8, kuma ƙwayoyi 8 ko 9 ne kacal a ciki. Shi ne na mazo da abin da ya yi kama da shi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne harbin babbar dabba da ƙaramin harsashi, wai don shi ne a hannu, ko don ya fi araha. 'Ya'yan dalma ƙanana suna shiga fata su tsaya a tsoka. Mazo zai zabura ya shige duhuwa da jini a jiki, maharbi ya bi sawu har ya gaji ya koma gida, dabbar kuma ta kwana uku tana wahala kafin ta mutu inda ba mai amfana da ita sai tururuwa. An yi asarar nama, an yi asarar harsashi, an kuma ɗauki alhaki. Kishiyar wannan ita ma asara ce: ka saki SG a kan 'yar gada daga nesa, ƙwayoyin tara su watse su bar ta a tsakiya, ko ɗaya ta karya mata ƙafa ta tsere da uku. Ko manyan ƙwayoyin ma, da zarar an wuce taku 30 zuwa 40, sun bazu kuma ƙarfinsu ya ragu. A ganina maharbin da ya iya sauke bindiga ya bar dabba ta wuce saboda ta yi nisa ya fi wanda ke alfahari da yawan harbi sanin aiki.

Ga Musulmi abin ya shafi halaccin naman kansa. Malaman fiƙihu sun yi bayanin cewa abin farauta yana halatta idan an ambaci sunan Allah lokacin harbi, kuma makamin ya huda ya zubar da jini. Wanda bugu kawai ya kashe, ba tare da rauni ba, mushe ne. Malaman Malikiyya na baya sun duba harsashin dalma suka halatta abin da ya kashe saboda yana hudawa. Idan kuma ka tarar da dabbar da sauran rai, yanka ya wajaba. Shi ya sa tsofaffin maharba ba sa raba wuƙa mai kaifi da ɗamara, kuma ba sa tsayawa shan taba bayan harbi.

Sai batun ita bindigar. Maƙeran Awka, kusa da Anaca, sun yi suna wajen ƙera bindiga tun kafin zuwan Turawa, kamar yadda namu maƙeran suka yi a arewa. Amma yawancin bindigogin gida na yau da bututun ƙarfe ake yinsu, wanda ba a gwada ƙarfinsa a masana'anta ba. Harsashin zamani yana da matsin da ya fi na albarushin gargajiya nesa ba kusa ba, kuma sa mai tsawon 76 a bindigar da aka yi wa ɗakin 70 yana ƙara matsin. In bututu ya fashe, yatsun hagu da ido ne ke fara biya. Ruwan kudu ma abokin gaba ne. Fatakwal na samun ruwan sama fiye da milimita 2,000 a shekara, ninki biyu da ɗoriya na abin da Kano ke samu, don haka harsashin da ya kwana a buhu yana shan laima. Idan ka ja kunama bindiga ta yi shiru, kada ka juyo bakinta ka leƙa. Riƙe ta tana kallon ƙasa ka ɗan jira, domin albarushi mai danshi yakan tashi a makare.

Dalmar kanta guba ce. Ba mu manta da abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara sama da 400. Ƙwayar harsashi ba ta kai wannan ba, amma jikin yaro ba ya jure ko kaɗan ɗinta. A yanke naman da ke kewaye da raunin a zubar, a tsince ƙwayoyin kafin a kai tukunya ko a banda.

Abin da ya fi duk waɗannan ciwo shi ne hanya. A ƙarshen watan Maris na 2025, ana dab da ƙaramar sallah, wasu mafarauta 'yan jihar Kano, da yawansu daga yankin Bunkure, sun taso daga jihar Ribas za su gida a bayan babbar mota. A Uromi ta jihar Edo 'yan sintiri suka tare su, aka ga bindigogin toka a cikin kaya, aka yi musu ihun masu garkuwa da mutane, gungun jama'a suka kashe 16 daga cikinsu. Babu abin da zai wanke wannan kisa, kuma haƙƙin jininsu na kan waɗanda suka zubar da shi. Amma ya nuna mana ƙarara cewa bindigar da a ƙauyenmu kowa ya san ta maharbi ce, a idon mutumin da tsoron 'yan bindiga ya cika wa ciki wani abu ne daban. Katin ƙungiyar mafarauta yana da amfaninsa, sai dai bai maye gurbin takardar 'yan sanda, kuma izinin da aka bayar a jiha ɗaya ba lalle ne wata jihar ta karɓe shi ba. Haka nan dajin kudu yana da masu shi, kowane yanki na wani gari ne ko wani dangi, kuma tun 1985 akwai dokar tarayya da ta hana taɓa wasu namun dajin da ke neman ƙarewa.

Kiranmu ga sarakunan Hausawa na Elele, Oyigbo, Anaca da Garki ta Inugu, da shugabannin mafarauta, shi ne su riƙe rajistar duk maharbin da ya sauka a zangonsu, su gabatar da shi ga ofishin 'yan sanda da mai garin da zai shiga dajinsu tun kafin ya ɗura bindiga. In lokacin tafiya gida ya yi, a sanar da hukuma, a tafi da takardu a hannu, bindiga ba ɗuri, harsashi a wata jaka daban. Wanda kuma ba shi da takarda, ya bar bindigar a inda take ya hau mota da kayan sawarsa.