Ɗaurin Auren da Ya Koma Makoki: Wa Ya Fi Laifi?

Wanda shirin wannan mako ya wuce shi, ko yana daji da bisashe ko yana layin motoci a bakin iyaka, to ga abin da aka tattauna a taƙaice.

Zancen ya taso ne daga fim ɗin nan mai dogon zango, Game of Thrones, wanda kamfanin HBO na Amurka ya nuna daga 2011 zuwa 2019, kashi 73 cikin zango 8. An ɗauko shi daga littattafan George R. R. Martin. Ƙagaggen labari ne na wata duniya da babu ita, har da dodanni masu aman wuta. Amma rigimar da za mu auna babu dodo a cikinta. Gada ce, da alkawari, da haƙƙin baƙo.

Ga yadda abin yake. An kama Ned Stark, mai mulkin arewa, aka tsare shi a fadar kudu. Ɗansa Robb ya tara mayaƙa ya nufi can. A hanya akwai babban kogi, gada ɗaya ce kuma za ta fisshe shi, tana hannun wani tsoho, Walder Frey, wanda gidansu ya yi arziki da kuɗin fito. Frey ya ce zai buɗe gada ya ba da mayaƙa, amma sai Robb ya auri ɗaya daga cikin 'ya'yansa. Robb ya amsa, ya haye. Ana cikin yaƙi aka sare kan Ned, shi kuma Robb ya ga wata ya aura, ya bar 'yar Frey.

Da ƙarfinsa ya ragu, sai ya dawo yana ba da haƙuri. Frey ya ce ba komai, kawun Robb, wato Edmure, ya auri yarinyar a madadinsa. Aka zo biki, aka ba baƙi gurasa da gishiri. A al'adar ƙasar, wanda ya ci abincinka a ƙarƙashin rufinka ya shiga amanarka ke nan, ba ka taɓa shi. Ana tsakiyar shagali aka rufe ƙofa. Aka kashe Robb da uwarsa Catelyn, aka bi mayaƙansa a sansani aka karkashe. A fim an haɗa har da matarsa mai juna biyu. An nuna wannan kashi a watan Yuni 2013.

To, malam, idan kai aka ba alƙalanci, wa za ka fara kamawa?

Wasu sun ce Robb ne ya ja wa kansa. Suna da hujja, don alkawari kaya ne. Ya ci moriyar gada ya hana lada, ya kuma kunyata dattijo a idon duniya. Bayan haka ya sare kan wani babban na hannun damansa, Rickard Karstark, saboda ya kashe yara biyu fursunoni, mutanen Karstark suka janye. Ita ma Catelyn ta saki Jaime Lannister, fursunan da ya fi kowa daraja a hannunsu, da fatan a mayar mata da 'ya'yanta mata. Duk waɗannan sun tsaga bango, ka kuwa san ƙadangare ba ya shiga sai bango ya tsage.

Sai dai ka lura da abu ɗaya: duk abin da Robb ya yi, a fili ya yi shi. Frey ya sani, yana da hanyoyi a gabansa. Yana iya janye mayaƙansa, ya kuma janye. Yana iya rufe gada, ko ya nemi diyya, ko ya fito fili ya ce daga yau ni abokin gabarka ne. Duk cikin waɗannan ba mai zarginsa. Shi kuwa sai ya ce ya yafe, ya shimfiɗa tabarma, ya mai da yardar da aka yi masa ta zama wuƙa. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, gaskiya ne. Amma wari daban, sata daban.

Akwai wanda ya fi Frey ma. Roose Bolton hakimin Robb ne, ya yi masa mubaya'a, ana shawarar yaƙi da shi. Ba a saɓa masa alkawarin aure ba. Ya duba ne kawai ya ga inda iska ta juya, ya sa sulke a ƙarƙashin riga ya zo biki, shi ya soke ubangidansa da hannunsa. Ladarsa sarautar arewa. Frey ko ba komai yana da haushi. Bolton ciniki ya yi da ran wanda ya yarda da shi.

Na uku shi ne Tywin Lannister, wanda ya ɗaure wa abin gindi daga nesa ta hanyar wasiƙu. Shi maƙiyin Robb ne tun farko, ba amana tsakaninsu, saboda haka ba za ka kira shi maci amana ba. Laifinsa shi ne ya sayi cin amanar wasu, ya rusa dokar da ke kare kowa, har da 'yan gidansa.

Nan ne nauyin yake. Wanda ya saɓa alkawari ya cuci mutum ɗaya, ana iya zama a biya. Wanda ya kashe baƙo a kan abincinsa ya cuci duk matafiyi. Kai da ke sauka gidan mai masauki a garin da ba ka da kowa, ka ba shi ajiyar kuɗin shanu ka kwanta ka yi barci, ka fi kowa sanin haka. Ranar da aka daina yarda da masauki, ba sulhu, ba fatauci.

Kada ka ce tatsuniya ce kawai. Martin ya ce daga tarihin Sukotlan ya samo abin. A 1692, a kwarin Glencoe, sojoji sun sauka a gidajen dangin MacDonald, aka ciyar da su kusan mako biyu, sannan suka tashi da asuba suka kashe kimanin mutum 30 daga masu masaukinsu. Dokar ƙasar a lokacin ta ware kisan da aka yi cikin amana, ta ɗauke shi ya fi sauran kisa muni.

Saboda haka in gardama irin wannan ta taso a rumfa ko a mashaya, yi tambaya uku. A fili aka yi ko a ɓoye? Akwai amana tsakaninsu? Ɓarnar ta tsaya kan mutum ɗaya ko ta shafi kowa? Da wannan mudu, Robb da uwarsa masu kuskure ne, Tywin mai ɗaure gindi, Frey da Bolton su ne maciya amana.

Ƙarshensu fa? Tywin ɗansa ne ya kashe shi. Bolton ma ɗansa. Frey kuwa ƙanwar Robb, Arya, ta yanka shi a zauren da ya yanka baƙinsa.

Allah ya kiyaye hanya, ya haɗa mu da masauki na gari. Sai mako mai zuwa.