Hattara da Babur Mai Ƙafa Huɗu a Rairayin Sealine

Iyaye da dattawa, sanyi ya shigo, samarinmu sun fara tururuwa zuwa Sealine da Khor Al Adaid, kudu da Doha, suna hayar babur mai ƙafa huɗu. Mu sani, tudun rairayi fuska biyu gare shi. Gefen da iska ke bugawa yana da tauri, ɗayan kuwa gangare ne mai zabtarewa, ba a ganinsa sai an kai ƙololuwa. Nan babur ke kifewa. Bakin ruwa kuma laka ce, samanta a bushe, ƙarƙashinta na haɗiye taya.

Mu ja musu kunne: su sa hular kwano, ban da goyo, ban da fita cikin hazo. Idan hatsari ya auku, a kira 999. Allah Ya tsare mana zuri'a.